Yadda Ake Saye da Hawan Babur Mai Ƙafa Huɗu a Hanyoyin Ƙauyukanmu

Gonata tana can bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. In ka bar kwalta ka shiga hanyar ƙasa, sai ka ƙetare mayo biyu, wato rafi, kafin ka hango bukkar masu gadi. Da rani albasa nake yi a bakin ruwa, da damina kuma masara da 'yar auduga. Shekara da shekaru da babur nake zuwa daga Garwa, kuma duk wanda ya taɓa shiga ƙasar karal, wato baƙar ƙasa mai yumɓu, a watan Agusta ya san abin da nake sha. Laka takan cushe tsakanin taya da marfinta har tayar ta ƙi juyawa. Sai ka sauka, ka nemi kara ka yi ta sakacewa, ka tura taku ashirin, ta sake cushewa. Da rani kuma yashin mayo ne ke karkatar maka da kan babur, ga kaya a baya, ga rana ta watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Wannan wahalar ce ta sa na sayi babur mai ƙafa huɗu, wanda yaran gareji ke kira kwad, yadda masu Faransanci ke faɗa. Yau shekarata biyar da shi.

Lokacin da na kawo shi, yara har bin sa suke yi da gudu. Da can sai wurin Turawa masu yawon buɗe ido ko ma'aikatan wani shirin noma kake ganin irinsa. Yanzu kuwa wata Lahadi a kasuwar Pitowa na ga uku a jere ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ɗaya na mai sayar da maganin dabbobi, ɗaya na dillalin hatsi, na ukun wani saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, ba hular kwano, da silifa a ƙafarsa. Kusan kowane mako sai wani ya tare ni ya ce shi ma yana son saya, me zan ce masa. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne: tsayuwar da kuke gani yana yi da kansa a kan ƙafa huɗu, ita ke yaudarar mutane. Babur mai ƙafa biyu in za ka faɗi kana ji a jikinka, ka sa ƙafa, ko ka sake shi ya faɗi can kai ka faɗi nan. Wannan ba ya yin gargaɗi. Yana tafiya lafiya lau har lokacin da zai kife, kuma in ya kife, kanka yake kifewa, da nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300 in babba ne.

Kafin ka ba da kuɗinka

Ka fara tambayar kanka wace hanya za ka riƙa bi. In rabin tafiyarka kwalta ce, kamar daga Garwa zuwa Ngong ko Gidar, ba naka ba ne. Ka sayi babur, ko mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Tayoyin kwad masu laushi ne da manyan haƙora, an yi su ne don su nutse a ƙasa su kama ta. A kwalta suna cinyewa da wuri, kuma a nan ne ya fi saurin kifewa a kwana. Ni ma nawa ba ya kwana a Garwa. Yana ajiye a gidan wani ɗan'uwana a Pitowa, in zo da babur in ajiye, in hau shi in shiga daji.

Iri biyu za ka tarar. Akwai na wasa, mai siririn jiki da ƙarar salansa, wanda aka yi domin gudu da tsalle. Akwai na aiki, mai kariyar ɗora kaya gaba da baya, mai giyar baya, wani ma yana da maɓallin da ke sa ƙafafun huɗu duka su ja. Manomi ko ɗan kasuwa ba abin da zai yi da na wasa.

Sannan sai maganar ƙira. Honda da Yamaha da Suzuki na Japan suna da ƙarko, amma a nan yawanci na hannu ake samu, waɗanda suka shigo ta tashar Duwala bayan sun gama aiki a Turai, kuma in wani abu ya lalace sai ka jira mai zuwa Duwala ko ka aika Yola ko Mubi a duba maka. Na ƙasar Sin masu injin 200 ko 250 ba su kai su ƙarfi ba, sai dai da yawansu injinsu ɗan gidan su injin babur mai ƙafa uku ne, don haka fulogi, kafireta, zoben fistin, duk bakaniken da ke bakin kasuwa ya san su. Ni na Sin na saya saboda wannan dalilin kawai. Hanyar da na bi ita ce, kafin in biya, na ɗauki hoton injin na kai wa masu kayan gyara uku a babbar kasuwar Garwa, na ce in wannan ya lalace me kuke da shi. Da biyu suka ciro mini kayansa daga kanta, sai hankalina ya kwanta. Ka yi haka. Kuma in kana da zaɓi tsakanin mai kafireta da mai na'urar fesa mai ta lantarki, ka ɗauki mai kafireta, don man da muke sha a ƙauye ba ya yi wa na lantarkin daɗi, kuma gyaransa sai da kwamfuta.

In na hannu ne, ka je da safe kafin mai shi ya tayar da shi. Ka taɓa injin ka tabbata da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya ɗaukewa yana nufin yana shan baƙin mai. Ka sa a ɗaga gabansa, ka kama kowace taya da hannu biyu ka girgiza. In tana kaɗawa, boris ko mahaɗin ƙafar ya mutu. Ka kwanta ƙasa da tocila ka bi ƙarfen jikinsa, musamman inda ƙafafu suka haɗu da gangar jiki da ƙarƙashin kariyar baya, ka nemi sabuwar walda ko fentin da bai dace da sauran ba. Wanda ya taɓa kifewa yakan nuna a hannun tuƙi, za ka ga ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka. Ka duba robobin da ke rufe da mahaɗan ƙafafu. In sun yage, yashi ya riga ya shiga ya ci abin da ke ciki.

Takardu kuwa, kada ka yarda da "za a kawo maka gobe". Takardar duwan, wato ta kwastan, da kat giris, wato takardar rajistar abin hawa, wadda lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka buga a ƙarfen, sannan ka yi asirans, wato inshora. Jandarma ba sa barin abin da ke jan ido haka ya wuce shinge ba su tsayar da shi ba. In kuma wajen Marwa ko Mokolo ko Mora kake, ka tambayi hukumar yankinka dokar da ke aiki, domin tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Arewa Mai Nisa an sha taƙaita zirga-zirgar babura a wasu wurare da wasu lokuta.

Iskar taya

Zan daɗe a nan, don ban ga abin da mutane suka fi kuskurewa kamarsa ba. Mako na farko na tsaya wurin wani mai faci a bakin hanya na ce ya duba mini iska. Yaro ne mai ladabi. Ya danna tayar da babban yatsa, ta lotsa, ya ce, "Baba, ai wannan ba iska ko kaɗan." Kafin in yi magana ya jona bututu ya ɗura mata kilo biyu kamar ta mota. Da na hau, sai abin ya zama kamar ƙwallo, kowane ɗan dutse sai ya yi tsalle, kan yana fizgewa daga hannuna. Da na dawo gida na duba takardar da ke liƙe a jikin robarsa, sai na ga abin da ake so bai kai ko rabin kilo ba. Yawancinsu tsakanin 0.3 ne da 0.45. Gejin masu faci ba ya ma motsawa a wannan ma'aunin, shi ya sa suke ganin babu komai a ciki.

Ka sayi ƙaramin gejinka na ƙarancin iska da famfon hannu, ka riƙa aunawa da kanka da safe kafin tayar ta yi zafi. Ta dama da ta hagu su zama daidai. In ɗaya ta fi ɗaya ko da kaɗan ne, za ka ji yana jan ka gefe, ka yi ta zargin hannun tuƙi alhali iska ce. Laushin tayar nan shi ne rabin shokozobarsa, shi ne kuma ke sa ya hau kan yashi maimakon ya tona shi.

Abokan gabar tayar su ne ƙayar aduwa, da farar ƙaya da ake shinge da ita, da kututturen karan dawa da na auduga bayan girbi, waɗanda aka sare a karkace suka zama kamar mashi. Kada ka yanke ta cikin gonar da aka girbe don rage hanya. Tayoyin ba su da tib, saboda haka ka riƙa tafiya da igiyar faci da allurarta. Minti biyar ka toshe huda ba tare da ka cire tayar ba.

Yadda ake zama a kansa

Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba kamar na babur, ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsan dama. Wanda ya saba da babur, in ya tsorata yakan damƙe hannu, kuma damƙewar nan sai ta danna totur. Don haka kwana biyu ko uku na farko ka nemi fili, irin filin ƙwallo ko filin idi da ba kowa, ka yi ta tashi da tsayawa a giya ta ɗaya har yatsanka ya saba. Ƙafarka kada ta bar matakinta. Ɗabi'ar mai babur ce ya sauke ƙafa in abu ya karkata, a nan kuwa tayar baya na nan dab da dugaduganka, za ta kama ƙafar ta ja ka ƙasa.

Kwana ita ce darasi na biyu. A yawancinsu tayoyin baya biyu a sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, alhali a kwana ta waje tana bukatar ta fi ta ciki tafiya. Shi ya sa yake son miƙewa ko da ka karya kan. Abin da za ka yi shi ne ka rage gudu tun kafin ka isa kwanar, ka matsa gaba kaɗan, ka taka matakin waje da ƙarfi, ka karkatar da kafaɗunka cikin kwanar. Doguwar kujerar da kake gani ba don goyo aka yi ta ba, don ka samu wurin matsawa gaba da baya ne. Wanda ya zauna a kansa kamar buhu, kwana ɗaya mai ɗan gudu ta ishe shi.

Yanzu bari in faɗi abin da ya same ni, don a nan ne na san abin da na saya. Wata na uku ne, farkon damina, na ɗauko taki buhu uku, kowanne kilo 50, na ɗaure su duka a kariyar baya. A jikin kariyar an rubuta iyakar abin da za ta ɗauka, bai kai rabin wannan ba, na gani kuma na ce ai hanya ce da na sani. Na ƙetare mayo na biyu lafiya, babu ruwa sosai. Gaɓar fita tana da tsayi kamar mutum biyu, kuma ruwan daren jiya ya zaftare gindinta ta ƙara miƙewa. Na kai rabi sai na ji injin yana nishi, na ƙara danna totur. Ban ga komai ba sai sama. Tayoyin gaba sun tashi, buhunan suka ja shi baya, na faɗi rigingine cikin yashi, hannun tuƙi ya sauko mini a ƙirji. Ina jin fetur yana ɗiga a wuyana, injin bai mutu ba, numfashi ya ƙi shiga. Wasu makiyaya biyu ne da ke shayar da shanu a ƙasa suka rugo suka ɗaga shi. Babban cikinsu yana ta cewa, "Sannu, Alhaji, kada ka motsa, kada ka motsa." Haƙarƙarina biyu suka karye, na yi wata guda ba na iya tari sai na riƙe ƙirji. Da ba su nan, ban san iya lokacin da zan yi a ƙarƙashinsa ba, don wurin ba kowa ke bi ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. Asalin abin ma mai ƙafa uku ne, Honda ta fito da shi a 1970, sai Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982. Masu ƙafa ukun sun yi ta kifewa da mutane har aka daina sayar da sababbinsu a Amurka a 1988. A Ostareliya kuma, inda manoma ke kiwo da mai ƙafa huɗun kamar yadda muke yi da jaki, ya kashe manoma da yawa ta hanyar danne su, har gwamnati ta wajabta tun 2021 cewa duk sabon na aiki da za a sayar sai an kafa masa wani ƙarfe a baya, wanda in ya kife zai tokare ƙasa ya bar wa mutum sarari. Waɗanda ke zuwa mana nan ba su da shi.

To ga yadda ake hawa tudu. Ka tsaya a ƙasa ka dube shi tukuna, in kana shakka ka taka da ƙafa ka gani. Ka sa ƙaramar giya tun daga ƙasa, ka fuskance shi kai tsaye, ka miƙe tsaye a kan mataki ka kwanto da ƙirjinka kan hannun tuƙi, ka riƙe totur a wuri ɗaya ba ƙari ba ragi. In ya gaza a tsakiya, kada ka ƙara wuta. Ka kama birki ka tsayar da shi. In ya fara komawa baya, birkin gaba za ka fara kamawa, domin in ka take na baya da ƙarfi yana cikin gangarawa, shi ne zai tashi da kai. Ka sauka ta ɓangaren tudu, kada ka taɓa tsayawa a ƙasansa. A gangare kuma akasin haka ne: ka ja jikinka can baya, ƙaramar giya, birki a hankali. Abin da na fi tsoro shi ne ratsa gangare a kaikaice, taya biyu sama biyu ƙasa. In akwai wata hanya, ko ta fi nisa, bi ta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kaya kuwa, ka karanta abin da aka rubuta a kariyar ka tsaya a kai. A matsakaitan da na gani, ta gaba wajen kilo 30 ce, ta baya wajen 60. Ka raba kayan gaba da baya, ka ɗaure su ƙasa-ƙasa da roba mai ƙarfi. Jarkar ruwa ko ta maganin feshi da ba ta cika ba ta fi buhu haɗari, don ruwan yana kaɗawa ya tura ka gefen da kake gudu. In kayanka sun fi haka, ka sa maƙeri ya haɗa maka 'yar amalanke mai taya biyu ka ja ta daga maƙalin da aka yi domin haka. Tun da na yi tawa, buhu huɗu nake ja a fili ba fargaba, amma a gaɓar mayo har yau sai in sauke biyu in yi sawu biyu.

Ruwa: in ya wuce matakin ƙafa kada ka shiga. Mayo da ke gudu bayan ruwan sama ba a gwada shi, tayoyin nan masu faɗi suna sa shi ya yi iyo, ruwa ya tafi da ku duka. Waɗanda ke ƙasan Lagdo sun san yadda Binuwai ke cika in an buɗe madatsa, sun ga ambaliyar 2012. In ka fito daga ruwa, ka yi ta taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe ya dawo kamawa.

Hular kwano, takalmi mai rufe idon sawu, da tabarau saboda ƙura da ƙwari. Na san zafi, nakan cire tawa in ga gumi na zuba kamar an yi mini wanka, amma ba na hawa babu ita. Babbar riga da rawani mai jela a naɗe su, don sarƙa da sandar baya a buɗe suke.

Mai da ƙura

Yana shan mai fiye da babur, wajen ninki biyu a nawa lissafin, in cikin yashi ne ma ya fi. Da can zuwa-zuwa, wato man kwalba da ake shigo da shi daga Najeriya, na rufa mana asiri, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kwalbar ta yi tsada, a gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Ka yi wannan lissafin kafin ka saya. In dole ta sa ka sha na kwalba, ka ɗaga ta ka duba a rana, in ka ga wani abu ya kwanta a gindi ka bar ta. Ni kullum da ɗan tsumma mai tsabta nake tafe, ina shimfiɗa shi a bakin mazurari.

Abin da ke kashe injin a ƙasarmu ƙura ce, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hazo. Matatar iskarsa soso ce a ƙarƙashin kujera. Duk mako nake cire ta, in wanke da ruwan sabulu, in bar ta ta bushe sarai a inuwa, in ɗiga mata baƙin mai kaɗan in matse har ya ratsa ko'ina. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Baƙin mai ina canzawa da wuri fiye da yadda takarda ta ce, don ba a rubuta takardar domin zafin Garwa ba. In naka mai lagireto ne, bayan kowace shiga laka ka wanke raga, in ba haka ba lakar ta bushe ta toshe iska, injin ya tafasa. Notuna kuma ka bi su da sifana duk ranar Juma'a, girgizar hanya tana kwance su.

Kuma kada ka shiga daji ba wanda ya san inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Waya a aljihun gaba, ba a cikin akwatin baya ba, inda hannunka zai kai in ka faɗi.

Hanyar ba taka ba ce kai kaɗai

Ɗana na biyu yana da shekara 13, kuma babu ranar da ba ya cewa, "Baba, ko nan da bakin rijiya ne." Amsata ɗaya ce. Masu ƙera shi da kansu sun rubuta a jikinsa cewa wanda bai kai 16 ba kada ya hau babba, kuma dalilin a fili yake: tuƙinsa da nauyin jiki ake yi, yaro ba shi da nauyin da zai danne shi, ba shi da ƙarfin da zai ture shi in ya faɗo masa. Makullin a aljihuna yake kwana. Goyo ma ba na yi, ko na uwargida. Da Sallah ina ganin samari sun ɗora yara uku huɗu suna zagaya gari, gabana faɗuwa yake yi.

Hanyoyin da muke bi, ƙafa da kofato ne suka fitar da su tun kakanni. Akwai mata masu ɗauke da itace da ruwa, akwai yara masu kora awaki, akwai jakuna da amalanken shanu. In ka hango mutum, ka sauke gudu tun daga nesa har ƙurarka ta kwanta kafin ka iso shi, ka yi sallama. Kusa da rijiya ko inda aka shanya gari ko kuɓewa, tafiyar ƙafa za ka yi da shi. In ka haɗu da garke a burtali, ka fita gefe ka kashe injin gaba ɗaya har su wuce. Shanun daji ba su san wannan ƙarar ba, in suka firgita suka faɗa gonar wani, rigimar da za ta tashi tsakanin manomi da makiyayi kai ka kunna ta, kai kuma ka riga ka yi gaba. Gandun daji irin na Binuwai da Buba Njida da Faro da yankunan farauta da ke kewaye da su, ba a shiga sai da izini. In kuma sabon ƙauye za ka fara bi a kai a kai, ka tsaya ka gaida jauro, wato mai gari, ya san kai wane ne.

Akwai wata siririyar hanya da ke ratsa gonaki uku kafin tawa. Babur na bin ta ba ya taɓa komai, amma faɗin kwad ya haura mita ɗaya. Daminar farko ina bi ina wucewa, ban lura ba. Wata safiya na tarar da wani dattijo mai gonar gyaɗa a tsaye a tsakiyar hanyar da fartanya a kafaɗa. Na kashe inji na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, sauko ka ga wani abu." Ya kai ni ya nuna mini kunyar bakin gonarsa, tun daga farko har ƙarshe tayata ta kwantar da ita, gyaɗar ta fara fure an murƙushe ta cikin laka. Sannan ya nuna mini sawun tayoyin biyu, yadda ruwan sama ya bi su ya fara tona ƙasa, har wani wuri ya kai zurfin tafin hannu. Ya ce, "Bana sawu ne. In ka ƙara damina biyu, kwazazzabo ne, kuma ta cikin gonata zai bi."

Na ce, "Baba, na yi laifi, a faɗi abin da zan biya." Ya ce ba kuɗi ya tsayar da ni ya karɓa ba. Washegari na zo da yarana biyu da kwandon duwatsu muka cike sawun, muka tayar masa da kunyar, da kaka kuma na aika masa da kwano goma na gyaɗa, ya karɓa bayan an kai ruwa rana. Tun daga ranar, da zarar ruwa ya sauka, a gindin wata tsamiya nake ajiye shi inda hanyar amalanke ta ƙare, in ɗaure shi da sarƙa. Sauran tafiyar ba ta fi ta minti bakwai ba. Taki da iri kuma jakin mai gadina ne ke ƙarasa da su.